Lamba a Cinyar Akawal

Laraba, 12 ga Disamba 1962, bayan la'asar

Na dawo daga kasuwar Makarfi, ƙafa ta yi tsami, aljihu ba nauyi. Yau ma mazarƙwailar Sama'ila na Kudan na sayar. Ni ne mai ciniki, ni ne mai rantsuwa, ni ne mai shan baƙar maganar fataken Kano, shi kuwa yana inuwa yana gyara zaman hula. Da yamma ya miƙo mini la'ada kamar mai ba da sadaka. Sama'ilan nan tare muka yi elemantare, ni nake yi masa lissafi. Abu ɗaya ya fi ni da shi, injin matse rake.

Raken fadamarmu ya nuna. Bana ma masu inji za su zo su taya shi a tsaye yadda suka ga dama, su matse, su dafa, su kawo mini in sayar musu. Tir.

Hanyoyin kuɗi duk na bi su, na san warin kowace. Banki a Sabon Garin Zariya takardar gida yake so, gidanmu kuwa tun da kakanmu ya ɗora tubalinsa bai taɓa haɗa ido da takarda ba. Adashin matata Lantana, in ta kwasa, sai dai ya sayi ludayi. Akwai wani Alhaji a Ikara da ke ba da kuɗi da damina yana murmushi, ya zo da kaka ya kwashe gona yana murmushin nan dai. 'Yan gama-kai kuma, in ba auduga ko gyaɗa ka ambata ba, kurame ne.

Saura ofishin rance na masu ƙananan sana'a, wanda aka buɗe bayan mulkin kai. Ba sa ba ka kuɗi a hannu, don sun san halinmu. Inji suke bayarwa da kaskon dahuwa, ka biya a hankali, da ɗan ruwa a kai. Sharaɗinsu shi ne sai sun ga dokin da zai juya injin, kuma ya zama naka.

Maiturare ne ya kawo mini zancen. A da turare yake yawo da shi a faifai. Yanzu jam'iyya yake bi, shi ke kai mutane ofis ya ci kamasho, amma har yau in ya wuce sai ka yi atishawa. Na ce masa ba ni da doki.

Ya ce, "Inuwa, kai ma da wani zance. Wa ke da doki? Kowa aro yake yi. Bara wani jan doki a Kudan gari-gari ya bi yana cin rance, har ya gane akawun, in ya gan shi sai ya yi masa haniniya. Ga Akawal a turken gidanku yana cin harawa a banza."

Akawal na Yaya Malam Lawal ne. Da shi yake zuwa ƙauyuka tafsiri da azumi. Yaya yana birnin Zariya wajen malaminsa, sai azumi ya gabato zai dawo. Da zai hau mota ni ya riƙe wa hannu ya ce, "Ga amanar Akawal." Shi ne kuma ya miƙe a masallacinmu da damina ya ce duk rancen da aka ɗora wa ruwa haram ne, ko kuɗi aka ba ka ko ƙarfe.

Aron hantsi ɗaya ne. Doki ba ya ba da labari.

Litinin, 17 ga Disamba, da magariba

Gobe akawu zai zo duba dawaki. Na wanke Akawal har baƙinsa yana ɗaukar ido. Lantana ta ce, "Maigida, ango za a raka?" Na ce ta kula da tukunyarta.

Talata, 18 ga Disamba, bayan azahar

Ƙarƙashin tsamiyar ƙofar dagaci aka tara mu. Kowa riƙe da linzami, kowa yana kauce wa idon kowa, don duk mun san dokin wane ne a hannun wane.

Akawun, Malam Mamuda, ya sauko daga mota da gajeren wando da doguwar safa, alƙalami soke a cikin safar. A bayansa wani maƙeri da buhun gawayi da zugazugi. Na zaci shayi za a dafa masa.

Ya ce, "Jama'a, bara wani jan doki ya sha wahala a kanmu. Duk garin da muka je ya riga mu isa. Bana mun tausaya masa, mun zo da abin da zai sa kowane doki ya zauna gida ɗaya." Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori. Maƙeri ya hura wuta, ya cusa wani ƙarfe mai dogon hannu a ciki.

Mutum biyu suka tuna suna da uzuri a gida, suka ja dawakinsu.

Ni ne a gaba.

Akawu ya tambaya dokin wane ne. Aka amsa masa. Ya rubuta.

Sauran ba na rubutawa ba ne. Ƙarti suka riƙe, aka ɗaure ƙafa. Ban taɓa jin doki ya yi irin kukan nan ba. Na wanke hannu da sabulu, na wanke da toka, ƙaurin yana nan.

Laraba, 19 ga Disamba, da hantsi

Ban je kasuwa ba. Kokon ma ƙaurin gashi yake yi.

Juma'a, 21 ga Disamba, bayan masallaci

Na daure na duba da kyau. A cinyar hagu lambar take, can sama, inda makaho ma zai laluba ya samu. Haruffan boko biyu da lamba, faɗin tafin hannu. Duk wanda ya taɓa taka kasuwar Makarfi zai san ma'anarta, wannan doki jinginar ofishin rance ne. A kan wannan dokin Yaya zai shiga ƙauyen Dandamisa, ya sauka, ya buɗe littafi ya gaya wa mutane abin da Allah ya hana.

Na mai da Akawal bukkarmu ta fadama. Ummulhairi matar Yaya ta kira ni ta bayan zana.

"Ƙanin miji, ina ka kai mana mai haniniya? Gidan ya yi tsit."

Na ce ciyawar fadama ta fi gyara shi.

"To. Kai dai ɗan kasuwa ne, ko sallama ka yi sai an duba ƙasan kwando. In ka sayar da shi ka faɗa tun da wuri, in san irin kukan da zan tanada."

Na yi dariya yadda muka saba. Ita ba ta ƙarasa tata ba.

Laraba, 26 ga Disamba, bayan la'asar

Na kama Maiturare a rumfar mai tsire.

Na ce, "Ka san da ƙarfen nan."

"Wallahi yadda ka gani haka na gani. Sabon tsari ne."

"Ka cuce ni."

Ya zare tsinke daga baki, ya dube ni sama da ƙasa. "Ni? Ƙarfen nan ya daɗe a wuta kafin ya yi ja, Inuwa. Mutum biyu sun tafi a kan idonka. Ƙafarka ciwo take yi ran nan?"

Na gaya masa abin da nake gani game da shi da turarensa da jam'iyyarsa da hular da ya ci bashi ya saya. Ya saurara har na gama, ya ce kada in manta da kamashonsa in inji ya iso. Sannan ya miƙo mini tsire. Na karɓa, kamar wawa. Na kai baki na kasa. Warinsu ɗaya.

Irin waɗannan ne mulkin kai ya haifa mana. Mutum ba gona, ba rumfa, sana'arsa ya san ƙofar ofis.

Asabar, 29 ga Disamba, da azahar

Baƙin tukunya da man shanu na kwaɓa na shafa a kan lambar. Da safe ya rufe tsaf, har na yi hamdala. Rana na ɗagawa Akawal ya yi gumi, abin ya zubo masa har kofato, lambar ta fito tana ƙyalli kamar an goge ta don baƙi.

Alhamis, 3 ga Janairu 1963, da magariba

Na je Zariya, ofishin rance. Benci cike. Teloli masu neman keken ɗinki, wani mai son injin niƙa, wani maƙerin kwano da ya zo tun daga Anchau. Kowa ya sa rigarsa ta Juma'a don ya nuna shi mai hali ne, kowa kuma yana marairaice fuska don ya nuna yana da bukata. Ba ka san wacce za ka sa a gaba ba. Masinja kuwa ba ya jin sallama sai da goro.

Da na shiga na ce, "Ranka ya daɗe, in mutum ya fasa fa?"

Malam Mamuda ya ce, "Sai ya fasa, ba dole. Sai dai lambar ba ta fasawa."

Na ce, "To in misali, ai misali nake yi, dokin ba na mai neman ba ne?"

Ya ajiye alƙalami. "Wannan misalin alƙali ke sauraronsa, ba ni ba. Inji ya koma sito, mai misali ya tafi gidan yari. Kana da misali, Malam Inuwa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Hira ce."

"Madalla. Wanda kuma ya taɓa lambar, shi ma hira za mu yi da shi. Injinka na hanya."

Ya san komai. Na ga a idonsa ya sani, kuma bai dame shi ba, tunda layinsa ya cika. Na yi masa godiya har da rusunawa. Allah wadaran wannan gwiwa tawa.

Daga ofis zuwa cikin birni ba nisa. Gidan malamin Yaya na nan. Amma rana ta yi, motar Makarfi ba ta jira.

Lahadi, 6 ga Janairu, da hantsi

Ciwon ya warke. Gashi ya fara fitowa a bakin wurin. Fari. A jikin baƙin doki.

Talata, 8 ga Janairu, bayan la'asar

An kwatanta mini wani dattijon Bafulatani a Malikanchi da ke yi wa dabbobi lalas, ya ƙona inda ke ciwo da ƙarfe. Na ce ko zai bi ta kan lambar, in ce wa Yaya ciwo ne ya fito aka yi magani. Na zana masa girmanta a ƙasa.

Ya ce, "Kafin in rufe wannan sai na ƙona faɗin faifai. Dokin ya yi maka laifi ne?"

Na ce a'a.

"To ka ƙona shi sau ɗaya bai ishe ka ba?"

Ban ce ni na ƙona ba. Ban san inda ya samo wannan ba.

Na biya ta Ikara wajen dillalan dawaki, ko akwai baƙi mai kama da shi. Akwai ɗaya, gurgu, kuɗinsa ya kusa na injin. Dillalin yana rantse mini da kabarin ubansa lafiyayye ne. Na tsaya ina kallon bakinsa, kalma-kalma irin tawa ce, har inda nake dafa ƙirji nan yake dafawa.  Ban da haka ma, Yaya da hannunsa ya yi renon Akawal tun yana ɗan duƙushi, ko a duhu aka jera masa baƙaƙe zai fitar da nasa.

Alhamis, 10 ga Janairu, da azahar

Babu komai yau.

Asabar, 12 ga Janairu, da azahar

Babu komai. Ummulhairi ta daina tsokanata. Gaisuwa kawai.

Litinin, 14 ga Janairu, bayan la'asar

Inji ya iso a bayan lori, a cikin akwatin katako, an naɗe shi da ciyawa. Kore ne, haƙoransa sha da mai. Kaskon, mutum zai kwanta a ciki. Unguwa ta fito kallo, Lantana ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Waɗanda suka zauna a sahun gaba ran da Yaya ya yi wa'azi suna gyaɗa kai, su ne yau ke shafa ƙarfen suna tambayata ta wace ƙofa ake shiga ofishin. Sama'ila ya zo daga Kudan, ya zagaya shi, ya ce, "Ya fi nawa." Fuskarsa kamar ya tauna maɗaci.

Shekara nawa ina jiran in ga wannan fuskar.

Na kai injin fadama, an kafa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Ba zan ce ban ji daɗi ba, wannan ne ma abin ƙyamar. Akawal yana bukka, taku kaɗan, ya juya mini gefen hagu.

Juma'a, 18 ga Janairu, da magariba

Direban motar Zariya ya kawo saƙo, Yaya na tafe ran Alhamis, a kai masa doki tasha.

Lantana ta ajiye mini tuwo, ta ƙi tashi. Ta ce, "Maigida, na je fadama ɗiban ganye, na gani."

Na ce me ta gani.

"Ka tare shi da maganar tun a tasha, kafin ya hau. In ya ji daga bakinka daban ne."

Na ce mata yaushe mata suka fara koya wa dillali yadda ake buɗe ciniki. Ta kwashe kwanon miya ta fita, ta bar ni da gaya.

Na aro jalala a gidan dagaci, irin doguwar nan da ake shimfiɗawa a kan sirdi ta sauko har cinya. Don girmamawa ne. Malami ya dawo daga karatu, ya kamata a tare shi da kyau.

Alhamis, 24 ga Janairu, bayan la'asar

Yaya ya sauko daga mota ya rame, ya yi haske. Na durƙusa, ya ɗago ni. Akawal ya tura hanci cikin rigarsa. Yaya ya dubi jalalar ya ce, "Inuwa, sarauta aka ba ni ban sani ba?" Na ce ai ya fi ƙarfin haka. Muka yi dariya.

Ina riƙe da maganar a baki tun daga tasha. A bakin kasuwa akwai mutane. A gindin rimi ya shiga ba ni labarin malaminsa, ba a katse babba. Daga nan sai ga ƙofar gida.

Na ce ya shiga ya huta, zan kwance sirdi. Ya ce a'a, ya yi kewar yi da kansa.

Ya janye jalalar.

Ya tsura wa lambar ido. Ya sa yatsa ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, shi da bai taɓa yarda ya koyi boko ba. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ya sha wuya?"

Na fara bayani. Na kawo banki, na kawo Alhajin Ikara, na kawo Maiturare, na kawo sabon tsari. Kaya na baza masa kamar a rumfa. Ya bari na gama.

"Gobe ka je ka gaya musu ba naka ba ne."

"Yaya, ɗauri ne. Ga shi kuma rake ya fara bushewa a tsaye."

Sai a nan ya juyo. "Wanne daga ciki?"

Aka kira salla.

Juma'a, 25 ga Janairu, da magariba

Ban je Zariya ba. Juma'a ce, ofis ba ya daɗewa a buɗe.

Bayan masallaci Yaya ya aika a kira ni zaure. Na tarar da liman da dattawan unguwa, har da Sama'ila da ya biyo neman ganin inji yana aiki. Na ce shi ke nan, yau za a yi mini tsirara a gaban jama'a. Har na ji wani sanyi-sanyi, a yi a gama.

Yaya ya ce, "Ku shaida, na ba Inuwa Akawal. Kyauta, ba saye ba, ba aro ba. Ya gaya wa hukuma nasa ne. Ba na son ɗan'uwana ya shiga azumi da wannan magana a wuyansa. Daga yau ta zama gaskiya."

Liman ya ce, "Malam, kai kuma da me za ka je tafsiri?"

"Da ƙafar da na zo duniya da ita."

Ya tashi ya ɗauki sirdi da linzami da ke jingine a bango. Ya ce, "Waɗannan ba a buga musu komai ba," ya shige ciki.

Zaure ya ɗauka. Masha Allah, wannan shi ne zumunci, Allah ya bar ku tare. Wani tsoho har da hawaye. Suna miƙo mini hannu ina karɓa ina cewa amin. Sama'ila ya matso kunnena ya ce, "Inji a bashi, doki a kyauta. Wallahi ka iya ciniki."

Da mari Yaya ya yi mini a gabansu, da na san inda zan sa hannu in shafa.

Litinin, 28 ga Janairu, bayan azahar

Azumi ya kama. Tun da asuba muka ɗaura Akawal a jikin dogon itacen inji, aka rufe masa ido da tsumma don kada jiri ya ɗebe shi. Da fari ya yi ta tirjiya, dokin hawa ne, bai san zagaye ba. Daga baya ya bi. Duk zagayen da ya yi sai lambar ta wuce ta gabana. Ruwan rake na zuba, kasko na tafasa, ɗan ƙwadagon da na ɗauka yana cusa rake yana waƙa.

Hanyar Dandamisa ta bakin fadamarmu ta bi. Da hantsi sai ga Yaya, gafaka a kafaɗa, buta a hannu, ƙafarsa ta yi futu-futu tun ba a je ko'ina ba. Na yi fatan ya wuce. Ya tsaya a bakin kunya ya yi sallama.

"Sannu da aiki, Malam Inuwa. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya ibada? Yaya iyali?"

Yaya iyali. Gida ɗaya muka kwana, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da nawa. Kuma tun da aka haife ni bai taɓa sa mini Malam ba. Na durƙusa ina amsawa, lafiya lau, lafiya lau, kamar baƙon da ya zo sayen rake.

Akawal ya ji muryar. Ya tsaya cak, ya juya kai da tsumman a fuska yana neman inda take, ya yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa. Hannun Yaya ya ɗago kaɗan, sai ya mai da shi ya gyara igiyar gafaka. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya kama hanya.

Doki ya ƙi motsi. Na ja, na lallasa, na kira sunansa. Kansa na can wajen hanya. Ɗan ƙwadago ya ce, "Maigida, ruwa ya yanke, kasko zai kama."

Bulala tana rataye a jikin bukka.

Mazarƙwailar ta yi kyau, ja wur, ta kama kwano ta fito ba ɓaraka. Wanda ya gani ya ce ran Laraba za a yi rububinta. Ni ban ɗanɗana ba. Ina azumi.